Ranar da Bincikena Ya Kori Kawu

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta da wata ranar Asabar a gidanmu na Tudun Wada ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bincike kan ƙwayoyin bakteriya masu farautar 'yan'uwansu.

Kawu, yayan Umma, ya zo mana kwana uku, sai ga shi a wata na bakwai. Ya ɗauko matarsa da 'ya'ya huɗu, an ba su ɗakina, ni na koma falo. Baba kuwa kunyar suruki ta ɗaure masa baki.

Ana cin abincin rana sai Kawu ya dube ni. "Ke wai me kike yi da ruwan kwatar da kike kwasa a kwalba?"

Wallahi da zuciya ɗaya na fara. Na ce akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai wutsiya, mai gudun tsiya. In ta ci karo da wata ƙwayar da ta fi ta girma sai ta manne mata, ta huda bangonta, ta shige, ta toshe ƙofa.

Nan na ga Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa don danne dariya. Da ina da hankali, da na tsaya.

"Sai me?" in ji Kawu.

"Sai ta miƙe ƙafa, Kawu. Ta cinye duk abin da ke ciki, ta yi tsawo kamar zare, ta rarrabu gida huɗu ko biyar."

"Mai gidan fa?"

"Ai shi tuni ya mutu. 'Ya'yan su fasa bangon, kowa ya nemi wani gidan."

Kawu ya tsame hannunsa daga tuwon. Kafin la'asar an kira motar kaya, sun koma Dutsen Abba.

Sati guda Umma ba ta amsa gaisuwata ba, sai da na je na durƙusa na ba Kawu haƙuri. Baba ma ya yi mini faɗa sosai a gabanta. Tana shiga ɗaki ya rage murya ya ce, "Wannan karatun naki ki riƙe shi da kyau, yana da amfani."

Har yau ina jin nauyin Kawu. Na koyi cewa magana tana iya zama gaskiya zalla, amma in ka lura tana sukan wani kuma ka ci gaba, to ba ilimi kake bayarwa ba, tsokana ce.