Baƙin Tabarau da Kaska

Goggo Tela ba ta karɓar magana yadda aka kawo mata ita. In kin ce yadinki ya isa riga da zani, sai ta sake aunawa a gabanki. In kin ce ba ya zuba, sai ta jiƙa gefensa ta gani. Tun tana amarya take ɗinki a ɗakin bakin ƙofa, kekenta na fuskantar taga don kada mai shiga ko mai fita ya wuce mata.

Maigidanta mutum ne shiru-shiru, mai yankan ciyawa da gyaran furanni a gidajen mutane. Ran nan ya dawo aiki sanye da baƙin tabarau, ya ci abinci da shi, ya ce rana ce ta dame shi. Goggo ta dubi rufin ɗaki, ba ta ga rana ba. Washegari ma haka. Zuciyarta ta shiga saƙe-saƙe: ko faɗa ya yi aka kumbura masa ido, ko wani ciwo yake ɓoye mata. Har abokin aikinsa ta tare a ƙofa ta bugi cikinsa, ya rantse bai san komai ba, ita kuwa rantsuwar ta yi mata sauri.

Da rana barci ya kwashe maigidan a kujera, ta lallaɓa ta zare tabarau. A fatar idonsa, dab da gashin ido, ga wani abu kamar ƙwayar wake, ya ƙoshi, har da ƙafafu.

“Malam, kaska kake kiwo a ido, kake ce mini rana?”

Ya ce kunya ya ji, yana zaton za ta faɗi da kanta.

Nan da nan masu shawara suka taru. Maƙwabciya ta ce a ɗiga mata kananzir, ƙanin maigidan ya ce a kara mata wutar ashana. Goggo ta tambaye su ko a idon wa suka taɓa gwadawa. Ta yafa mayafi ta tasa maigidan gaba sai asibitin unguwa.

Ko nas ɗin ba ta tsira ba, don sai da Goggo ta ga an goge hantsakin cire kaskar da magani a gabanta. Nas ta sa shi ya rufe ido, ta kama kaskar daga wajen baki, dab da fata, ta ja a hankali, ba murɗawa, ba fizga, har ta saki. Ta ce wuta ko mai ko matse cikin kaska na iya sa ta amayo ƙazanta cikin jini, balle kuma kusa da ido.

“’Yar nan, nuna mini kan,” in ji Goggo.

Aka haska mata, ta ga ya fita gaba ɗaya, sannan ta bari aka wanke wurin. Nas ta ce in an ga zazzaɓi ko ƙuraje a makonni masu zuwa, a dawo.

Zazzaɓi bai zo ba, amma Goggo ta yi ta taɓa masa goshi har ya fara gudunta. Ta ɗinka masa hula mai rufe wuya da kunne. Yanzu in ya dawo aiki sai ya tsaya a tsakar gida ta duba bayan kunne da ƙeya kafin ya shiga ɗaki. Karen wani gida da yake wa aiki kuwa, ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta riga ta yanke masa hukunci cewa shi ya kawo kaskar.