Sabon Allo, Tsohon Ido

Har yau raina na ɓaci idan na tuna Litinin ɗin da Alhaji Sani, mai shagon buga katuna da fastoci inda nake aiki a Gwarzo, ya kawo mana sabon allon kwamfuta daga Kano. Ni ne babban mai gyaran hoto a shagon, na shekara goma sha ɗaya a kan kujerar.

Ina buɗe manhajar gyaran hoto sai na ga komai ya ƙanƙance. Rubutu kamar ƙwayar gero, sai na kai hanci jikin allo kafin in gane abin da zan danna. Katin bikin Madam Rahila, wata malamar makaranta, aikin awa ɗaya ne, amma ya cinye min yini, har na yi kuskure a sunan ango.

Na gaya wa Alhaji akwai matsala. Ko leƙawa bai yi ba.

"Malam Ado, duk Gwarzo da Kabo babu allo kamar wannan. Idonka ne ya gaji. In zuwa Juma'a babu canji, ka je ka huta, in nemo mai sabon ido."

A gaban kwastoma ya faɗi haka. Na haɗiye, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Washegari har asibiti na je aka auna ni, aka ce idona garau.

Ranar Laraba na zauna na bi saitin ɗaya bayan ɗaya. Ashe ɗigogin da ke haɗa hoto a sabon allon sun fi na tsohon yawa da ƙanƙanta, ita kuwa manhajar tana nan da lissafin tsohon. Na ninka girman nuni a kwamfutar, na saita manhajar ta bi shi, na kashe na kunna. Komai ya dawo daidai.

Sai na mayar da shi yadda yake da, na kira Alhaji.

"Alhaji, don Allah zauna ka karanta min layin nan."

Ya matsa, ya ƙanƙance ido, ya sa tabarau, ya cire. "Kai! Wannan ai sai aljani."

"Kwana uku ke nan ina karanta shi."

Na gyara a gabansa. Ya ce, "To, madalla," ya fice. Har yau bai ba ni haƙuri ba.

Ku da kuka shigo sana'ar nan yanzu, ku san saitin kayan aikinku ciki da bai. Idan sabuwar na'ura da tsohon ma'aikaci suka saɓa, na'urar mai shago zai gaskata, don ita ya saya da tsada.