Ranar da Madarar Yashe Ta Tafi Suna

Ƙanwata Zuhura tun tana ƙarama ta tsani a sa ta aiki ɗaya sau biyu. Ba ƙyuya ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Innarmu waina take sayarwa a ƙofar gidanmu da ke Kafinsoli, Zuhura ce mai haɗa ƙulli. Da ta gaji da yadda kullum sai an tsaya ana ɗanɗanawa ana ƙara gishiri, sai ta samo gwangwanin tumatir ta yi masa zane da ƙusa: nan ne iyakar gishiri, nan ne iyakar sukari. Daga ranar, ko wa aka miƙa wa gwangwanin zai haɗa ƙulli ya fito kamar na Inna. Inna ta yi ta mita wai an raina mata hannu, amma ba ta jefar da gwangwanin ba.

Ni ne yayanta, ni na yi ta kai ta makaranta a bayan keke, saboda haka ina da damar in faɗi halinta ba tare da neman izini ba. Tana da kaifin kai, tana da taurin kai, kuma na biyun ya ɗan fi yawa. Ta yi sakandare a Kankia, ta wuce Katsina ta yi difloma a ƙididdiga, ta dawo ta auri Sagir, mai gyaran mota a bakin titin Kano zuwa Katsina. Mutumin kirki ne, maganarsa ba ta da yawa, wanda hakan ya yi daidai domin ita tana yi musu su biyu.

Aikin da ta samu a Yashe yake, a wata cibiyar tara madara da wani kamfanin yogot na Kano ya buɗe. Matan Fulani daga rugagen Kusada da na gefen Kankia su ke kawo madarar safe, a auna, a zuba a babban firji mai aiki da hasken rana, mota ta zo ta kwasa. Mai awon wani dattijo ne, Baba Labaran, wanda ya yi shekaru yana awon hatsi a kasuwa. Shi zai auna ya shigar da adadin lita a waya. Ita kuma Zuhura sai ta buɗe kwamfuta, ta shiga manhajar da kamfanin ke amfani da ita wajen mayar da tarin bayanai su zama jadawali da zane, ta haɗa rahoton ranar ta aika Kano kafin azahar.

Na taɓa zuwa na same ta tana yi. Kullum daga farko take somawa. Ta jawo jadawalin rugage, ta jawo zanen da ke nuna hawa da saukar madara, ta sa launi, ta rubuta kanu, ta gyara kwanan wata. Gobe ma haka. Na ce, "Ke da ba ki son aiki sau biyu, ga shi kina yin ɗaya sau ɗari." Ta harare ni ta ce, "Yaya, haka suka koya mini." Amma na ga abin ya tsaya mata a rai.

Sai ga ciki. Murna ta cika gida, Inna kuma ta kafa doka tun kafin a tambaye ta.

"Haihuwar hwari ce," in ji Inna. "Gida za ki taho ki yi wanka, ba inda za ki sai kin yi arba'in. Wanga akwatin naki kuwa," ta nuna kwamfutar da haɓa, "ba shi shiga ɗakina."

Zuhura ta je Kano ta faɗa wa shugabarta, Hajiya Salma. Mace ce mai adalci amma ba ta wasa da aiki. Ta taya ta murna, sannan ta faɗa mata gaskiya: kamfani ba zai iya zama ko yini ɗaya babu rahoton Yashe ba, domin da shi ake sanin motar da za a tura. Za a kawo wani daga Kano ya riƙe wurin. Kuma tunda aikin Zuhura na kwantiragi ne, Hajiya ba za ta iya yi mata alkawarin cewa za ta dawo ta tarar da kujerarta ba.

Zuhura ta dawo gidan mijinta a Kankia fuska a murtuke. Aikin nan shi ne abin da ta yi karatu dominsa, kuma irinsa ba ya yawo a titi a wajenmu. Ƙin bin maganar Inna kuma ba ya cikin lissafi. Ta sake kiran Hajiya a waya ta ce a ba ta dama: kada a kawo kowa, rahoto zai riƙa zuwa kullum ko ba ta nan. In an samu matsala ko ta rana ɗaya ce, a kawo wanda za a kawo, ba za ta ce uffan ba. Hajiya ta ce ta yarda.

Abin da ta yi shi ne ta gina samfurin rahoto guda ɗaya wanda za a yi ta amfani da shi. Ta tsara komai sau ɗaya: wurin jadawali, wurin zane, launuka, kanu, har kwanan wata ya riƙa canja kansa. Ta haɗa shi da wayar Baba Labaran, ta yadda duk abin da ya shigar zai gangaro ya zauna a gurbinsa. Da na ce ban gane ba, sai ta ce, "Yaya, tandar Inna ce. Ramukan su ne dai kullum, ƙullin ne sabo." Daga nan kowa ya koma kiran abin tanda, har mutanen Kano.

Ta ƙara masa wani abu da ta fi alfahari da shi. Idan madarar rana ta faɗi ƙasa sosai, rahoton zai yi ja, ya aika saƙon gaggawa kai tsaye zuwa wayar Hajiya. Dalilinta mai kyau ne: madara ba ta ɓacewa haka kawai sai in firji ya lalace ko cuta ta shiga shanu.

Saura koya wa Baba Labaran. Mutumin da ke iya kallon buhu ya faɗi nauyinsa, sai ga shi yana zufa a gaban kwamfuta. Yakan goge yatsansa a riga kafin ya taɓa ta.

"Malama, in na danna ba daidai ba, ba ta hwashewa?"

"Ba ta fashewa, Baba. Maɓalli ɗaya ne. Ka gama awo, ka danna nan, ka ga ya yi kore, shi ke nan."

"To in an kawo kaɗan hwa?"

"Abin da aka kawo shi za ka sa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya ce wannan kam ba sai an koya masa ba. Kafin watan haihuwa ya kama, Baba Labaran yana danna maɓalli yana hira, har yana yi wa matan Fulani bayanin zane kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Ta haifi 'ya mace lafiya lau. Muka ɗauko ta zuwa Kafinsoli, Inna ta karɓe wayarta ta jefa a cikin kwalla ta rufe. Aka shiga wankan ruwan zafi da kunun kanwa da gasasshen nama. Duk wanda ya shigo barka sai Zuhura ta ja shi gefe ta tambaye shi ko ya ji labarin Yashe. Ni na zama ɗan aike a ɓoye. Nakan kira Baba Labaran in dawo in ce mata, "Kore." Sai ta yi ajiyar zuciya.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Kamila, aka yanka rago, gida ya cika. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai muka ji guɗa daga bakin gari. Na fita na ga a-kori-kura biyu cike da matan Fulani, kowace da ƙwarya a cinya an rufe da faifai. A gaban mota ta farko Dada Hawwa'u ce, shugabar matan da ke kai madara Yashe, kusa da ita kuma Baba Labaran cikin babbar riga.

A wajensu ba wani abin shawara ba ne. Idan an yi haihuwa a gidan wani nasu, madarar ranar suna ba ta sayarwa ba ce, gidan mai jego take zuwa. Su kuwa sun daɗe da sa Zuhura cikin nasu. Ita ce ke cike musu takardar asibiti, ita ce ke tsayawa ta saurari ƙorafinsu idan awo bai yi musu ba. Don haka ko cokali ɗaya ba su kai cibiya ba. Suka jera ƙore a tsakar gida, madara da kindirmo da man shanu, har wurin taka ƙafa ya yi wuya. Inna ta yi ta godiya tana kuka.

Zuhura ta fito tana dariya tana rungumar su ɗaya bayan ɗaya. Can sai na ga dariyar ta tsaya. Ta dubi ƙoren, ta dubi Baba Labaran.

"Baba, rahoton yau fa?"

"Na aika, Malama, tun da sahe," ya ce yana murmushin wanda ya cika alkawari. "Ba a kawo komi ba, na sa ba komi. Na danna, na kulle, na hau mota."

"Ya yi kore?"

"A'a, yau ja ya yi. Ya yi kyau ma."

Ta zauna a bakin turmi. Aka lalubo wayar Baba Labaran a aljihun 'yar ciki, a kashe, wai don kada ta dame shi a wajen addu'a. Aka buɗe kwallar Inna, wayar Zuhura kuma caji ya ƙare. Kafin a jona ta a gano lambar Hajiya, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Hajiya Salma ta ga saƙon ja, ta kira kowa ba ta samu ba, ta ɗauko mai gyaran firji suka kamo hanya. Sun tarar da cibiya a kulle, da suka buɗe da makullin kamfani suka ga firji na aiki lafiya lau babu komai a ciki, mai shayin da ke wajen ya ce musu ai duk an tafi suna, ya kwatanta musu gidanmu.

Ban taɓa ganin ƙanwata ta tsorata kamar lokacin ba. Ta koma ɗaki ta rungume jaririya. Ta ce mini a hankali, "Yaya, ni na ce ko ta rana ɗaya ce." Tausayinta ya kama ni har na rasa abin tsokana.

Hajiya ta yi sallama ta shigo, ta tsaya tana bin ƙoren da kallo. Guɗa ta mutu. Ta ce, "Wannan ita ce madarar Yashe?"

Dada Hawwa'u ta miƙe, ta gyara zane, ba ko alamar jin kunya. "Ita ce, Hajiya. Shanun namu ne, ɗiyar tamu ce. Gobe mu kawo muku taku." Ta ɗebo kindirmo a ƙoƙo, ta dama da fura, ta miƙa mata. "Sha ki ji abin da kuke saye."

Hajiya ta karɓa ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Sai kafaɗunta suka fara girgiza, ta fashe da dariya har ta nemi wurin zama. "Na taso mai gyara tun daga Kano," ta ce tana share ido, "ashe madara ce ta zo barka!" Gida ya ɗauki shewa. Shi kuwa mai gyaran tuni Sagir ya ja shi wajen masu suyar nama, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Hajiya ta shiga ɗakin mai jego, ni ina bakin ƙofa. Zuhura ta fara ba da haƙuri, Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Haƙurin me? Tun da kika tafi rahoto bai makara ba ko sau ɗaya. Na yau ma ya zo a kan lokaci, kuma gaskiya ya faɗa: babu madara. Abin da bai faɗa ba shi ne dalili. Ki ƙara masa gurbin da Malam Labaran zai zaɓa, ko suna ne ko biki ko rasuwa, don kada in riƙa ƙona mai a banza."

Zuhura ta yunƙura. "Yanzu ma zan iya, in aka ɗauko mini kwamfu…"

"Zauna!" in ji Inna daga bayana.

"Inna ta yi gaskiya," Hajiya ta ce. "Sai kin gama arba'in. Babu wanda zan kawo, kujerarki tana nan tana jiranki." Ta karɓi Kamila ta yi mata addu'a, ta fita wajen mata.

Zuhura ta bi ta da ido, hawaye na zuba, tana dariya a lokaci guda. Inna ta miƙa mata kwanon kunu, ta shanye tas ba tare da an yi mata faɗa ba. Na fita na taya rabon nama. Da na dawo in tsokane ta, sai na tarar Inna zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa ta tare hanya. A tsakar gida ana ta kiɗan ƙwarya da guɗa kamar za a ɗage rufin, a ciki kuma ƙanwata ta kwanta kusa da 'yarta, baki a ɗan buɗe, tana ta sharar barci da rana tsaka.

"Kada ka kuskura," Inna ta ce mini ƙasa-ƙasa. "Tun da ta haihu, yau ne ɗiyata ta hwara barci."