Motar Katako a Layinmu

Shekarar da aka yi wa Baba aikin gwiwa, a gidanmu na Woodbridge, kusa da Washington, ya yi jinya. Daga Kano ya taho. Ni da maigidana kullum muna kan hanya, shi yana bin jirgin ƙasa zuwa Washington, ni ina fama da cunkoson motoci zuwa asibitin da nake aiki. Saboda haka Baba a falo yake yini, ƙafa a miƙe kan matashi, yana jan carbi.

'Ya'yana biyu, mace da ƙanenta, duk suna firamare a lokacin. Suna jin Hausa, amma da Turanci suke amsawa. Baba kuwa Turancinsa bai wuce na ciniki a kanti ba. Gaisuwa ce kawai take haɗa su. Su durƙusa su ce, "Ina kwana, Kaka," shi kuma ya tsokani yarinyar: "Amarya, yau ma ba shayi?" Ta yi murmushi ta haye sama da gudu.

Wata Asabar da safe ina suyar ƙosai sai na ji Baba yana dariya, irin wadda rabona da ita tun rasuwar mahaifiyata. Na leƙo. Ashe yarona ne yana canza tasha ya faɗa kan wani tsohon fim marar launi, gajere, na wasu yaran unguwa marasa jin magana. Sun harhaɗa mota da katako, sun cika ta maƙil, tana ta gangarawa ba mai iya tsayar da ita.

"Wallahi na san su!" in ji Baba. "A majigi na gan su ina yaro, a filin ƙofar gidan mai unguwa. Ashe suna nan ba su girma ba?"

Da yake ba ya jin abin da suke faɗa, sai ya shiga saka musu magana a baki. "Wannan mai hular shi ne shugaba, amma wawa ne. Wancan lukutin shi zai tona musu asiri, ku dai jira." Haka kuwa aka yi. Yarana sun fi shi jin Turancin nesa ba kusa ba, amma sai ka ji suna cewa, "Kaka, me ya ce?" Fassararsa ta fi musu daɗi.

Na samo musu faifan finafinan a laburare. Kafin wata ya zagayo yarona ya iya "ja'iri" da "ka shiga uku". Ranar Juma'a a masallacin garin Sterling ya ce wa ɗan wani babban likita ja'iri a gaban ubansa. Da na kai ƙara gida, Baba cewa ya yi, "To, ƙarya ya yi?"

Likitan Baba ya ce ya riƙa takawa. Takawar tasa ba ta wuce gareji ba. Hutun makaranta ne, yaran layin suka fara taruwa a can: wasu tagwaye 'yan Ghana da wata yarinya da iyayenta 'yan ƙasar Salbado ne. Baba yana zaune a kujera yana nuni da sanda, su suna aikin ƙera mota irin ta fim ɗin. Ya ce su a zamaninsu da karan dawa suke ƙera mota, amma tunda nan ba kara, katakon tsohon gado ma ya yi. Tayoyin kuwa na keken turin jarirai ne da na daɗe da ajiyewa. Babu wanda ya tuna da birki.

Layinmu gangare ne. Ina dawowa daga aiki na tarar da motar kife a cikin furannin maƙwabcinmu na ƙarshen layi, yarona ya kuje gwiwar hannu, tagwayen sun ɓace. Maƙwabcin wani dattijo ne baƙar fata, ɗan asalin ƙasar, ya yi ritaya daga gidan waya. Na je ba shi haƙuri, Baba ya biyo ni yana dogara sanda, ya ce ai shi ne mai laifi.

Dattijon ya duba furanninsa, ya duba motar, ya tambayi wa ya koya musu. 'Yata ta faɗa masa finafinan da suke kallo. Ya yi dariya, ya ce shi ma da kallonsu ya girma. Sannan ya ce mahaifiyarsa ba ta son su, saboda yadda ake sa yaran baƙar fata na ciki su riƙa zare ido don a yi musu dariya. Amma shi a finafinan kaɗai yake ganin yaro irinsa yana wasa da fararen fata a aji ɗaya, alhali a garinsu lokacin makarantar baƙar fata daban take.

Na fassara wa Baba. Ya ce, "Mu a majigi ba mu lura da wannan ba. Dariya kawai muke yi. Gaya masa haka."

Na gaya masa. Ya ce shi ma yana dariyar, in mahaifiyarsa ba ta kusa.

Washegari ya zo da akwatin kayan aikinsa ya sa wa motar birki. Daga nan kullum da la'asar sai su fito da kujeru bakin titi, shi da Baba, ɗaya a saman gangaren yana ba da izinin tashi, ɗaya a ƙasa yana tare motoci. In yara sun gaji sai dattawan biyu su zauna tare. Ban san me suke faɗa wa juna ba, amma sukan daɗe.

Da sanyi ya fara shigowa Baba ya koma Kano. Ranar tafiyarsa ya ba maƙwabcin hularsa zanna bukar. Ta yi masa kaɗan, amma da ita yake fita yankan ciyawa har muka bar unguwar.