Layi Uku da Jan Biro Ya Gyara

Shekara goma sha huɗu muka yi muna zama a tebur ɗaya da shi a ɗakin malamai, shi ta wajen taga, ni ta wajen ƙofa. Ina koyar da labarin ƙasa, shi kuma yana koyar da harshe da rubutu. Yara suna kiransa Jan Biro a bayan idonsa. Ya sani, kuma ina jin sunan yana yi masa daɗi, domin ban taɓa ganin aljihun rigarsa babu jan biro guda biyu ba.

Mutum ne siriri, mai tsafta, wanda ba ya iya wuce kuskure ya bar shi. Idan shugabar makaranta ta manna sanarwa a allo, kafin a fita tara za ka ga ya zagaye kalma ɗaya ko biyu. Matarsa, wadda dukanmu muke ce wa Yaya, takan ba da labari tana dariya cewa lokacin da yake nemanta ta rubuta masa wasiƙa, ya dawo mata da ita da gyara uku, kuma duk da haka ta aure shi. Amma malami ne na gaske. Yaron da ya shigo ajinsa bai iya haɗa jimla ba, ba zai fita ba sai ya iya rubuta takardar neman aiki da kansa.

Makarantarmu ita kaɗai ce sakandare a yankin. Yara suna zuwa daga nesa, wasu a keke, wasu a bayan motar kaya. Abin da muke taƙama da shi shi ne littafin shekara, wanda ake bugawa don 'yan ajin ƙarshe. A ciki akwai hotunan malamai, sakamakon jarrabawa, labarin wasanni, sai kuma hoton kowane ɗalibi mai fita, da layi uku a ƙarƙashinsa: sana'ar gidansu, abin da ba zai manta ba, da abin da yake so ya zama. Ni nake ɗaukar hotunan, a jikin bangon laburare inda muke rataya farin ƙyalle. Rubutun kuma na Jan Biro ne. Yara su rubuta a guntun takarda su jefa a kwali, ya duba, ya miƙa wa mai buga takardu, daga nan sai maɗaba'a.

Da farko haruffa kawai yake gyarawa. Sannu a hankali ya fara taɓa magana. Idan yaro ya rubuta abin da yake ganin za a yi masa dariya, sai ya sassauta shi. Hujjarsa ita ce littafin nan yana zama a gidaje shekara talatin, bai kamata a bar yaro da abin da zai kunyata shi ba. Mu ma muka saba, muka ɗauka alheri yake yi.

A wata shekara akwai wata yarinya a ajin ƙarshe da ake kira Sifana, saboda kullum akwai ƙaramar sifana a jakarta. Ita ke ɗaure kujerun da suka kwance, ita ta tayar da fankar ajinsu bayan an fid da rai da ita. A lissafi da kimiyya ba a kama ƙafarta, amma rubutunta kamar kaji sun yi tono. Ina zaune ya ciro takardarta daga kwali ya karanta mini. Ta rubuta cewa babanta mai faci ne a bakin titi, cewa ba za ta manta da ranar da ya fara barinta ta kwance taya ita kaɗai ba, kuma tana so ta zama makanike na manyan motoci.

Ya girgiza kai ya ce yarinya mai ƙoƙari haka ba za a buga ta da wannan ba. Ya ɗauki sabuwar takarda ya rubuta cewa mahaifinta ɗan kasuwa ne mai harkar kayan motoci, abin da ba za ta manta ba shi ne nasihar malamanta, kuma burinta ta zama ma'aikaciyar jinya. Na ce masa da ya bar mata abinta, amma da murmushi na faɗa, ina ci gaba da jera hotuna. Ya jefa takardarta ta asali a durowarsa.

Littafin ya fito ana saura kwana goma a fara jarrabawar fita. Aka raba a babban zaure, yara suna ta kewayawa ana sa wa juna hannu a shafin baya.

Ranar Talata da safe masinja ya zo ya ce shugaba tana nemanmu mu biyu. Muka tarar da wani dattijo a ofis, yana zaune a bakin kujera kamar yana tsoron ya ɓata ta. Ya sa riga wankakkiya, amma baƙin taya ya riga ya zauna a layukan tafin hannunsa. Littafin yana kan gwiwarsa. Shugaba ta ce mahaifin Sifana ne.

Ya yi bayani a hankali. Ya ce shi karatunsa bai yi nisa ba, don haka da 'yarsa ta ƙi nuna masa littafin, sai ya ɗauka ya kai rumfarsa ta faci ya ba wani direba ya karanta masa. Direban ya karanta da ƙarfi a gaban mutane, aka kwashe da dariya, tun ranar ake ce masa babban ɗan kasuwa. Ya ce dariyar ba ta dame shi ba. Ya tambayi yarinyar, ta rantse ba ita ta rubuta ba, shi kuma bai ga yadda za a yi makaranta ta ƙirƙira wa yaro magana ba.

"Ba faɗa na zo yi ba, Malam," in ji shi. "So nake in sani, ita ce take jin kunyata?"

Shugaba ta juya ta kalli Jan Biro. Sai na ji ya ce, "Abin da yara suka kawo shi muke bugawa, Baba. Mu dai haruffa muke gyarawa."

Ni kuwa na sa ido a kan igiyar takalmina, ban ce uffan ba. Dattijon ya yi godiya, ya nemi a yafe masa ɓata mana lokaci, ya fita.

Muka koma tebur ba wanda ya kalli wani. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na yi a aikin koyarwa. Sifana tana zuwa jarrabawa, tana gaishe mu kamar kullum. Sau ɗaya kawai ta tsaya a bakin taga ta tambaye shi ko takardar da ta jefa a kwali tana nan. Ya ce zai duba. Takardar tana cikin durowar da gwiwarsa ke jingine da ita. Daga baya ƙawarta ta gaya mini cewa Sifana ta koma gidan gwaggonta, domin babanta ya daina amsa gaisuwarta.

Jan Biro ya rame. Sanarwa ta kwana uku a allo da kuskure ɓaro-ɓaro bai taɓa ta ba. Wata rana Yaya ta tare ni a bakin ƙofar makaranta ta ce in gaya mata abin da ke cin mijinta, tunda abinci ma sai ya juya cokali ya tashi. Na gaya mata komai, har da shirun da na yi. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce mahaifinsa sharar kasuwa ya yi har ya rasu, da tsintsiya da baro ya biya masa makaranta, amma duk takardar da aka ce ya rubuta sana'ar uba, sai ya sa ma'aikacin hukuma. Ta ce ko 'ya'yansu ba su san gaskiyar ba. Shekara goma ina zaune da mutumin nan, ban taɓa jin ya ambaci babansa ba, kuma ban taɓa lura ba.

Ban san me ta faɗa masa a gida ba. Ranar Asabar bayan azahar ya zo ƙofar gidana ya ce in kai shi wani wuri a babur.

Rumfar facin tana bakin babban titi, kwano huɗu a kan itace, da tsofaffin tayoyi jere a gefe, da injin iska mai tari kafin ya tashi. Dattijon yana tsugune a gaban rabin ganga cike da ruwa, yana juya tub ɗin taya a ciki yana neman inda ke kumfa. Akwai mutum biyu a kan benci suna jira. Na ɗauka Jan Biro zai ja shi gefe, amma a gabansu ya ciro takardar ya ce wannan ita ce 'yarsa ta rubuta, wancan na littafi shi ya rubuta da hannunsa, kuma ƙarya ya yi a ofis.

Dattijon bai ɗago ba. Ya ce a karanta masa. Jan Biro ya karanta, bai gyara ko kalma ɗaya ba. Dattijon ya sa a maimaita layin tayar da ta kwance. Sannan ya fito da tub ɗin daga ruwa, ya sa alli a inda ya huje, ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu.

"Kwana ashirin da shida ban amsa gaisuwar yarinyar nan ba," ya ce. "Kai ka yi naka, Malam, amma ni na haife ta, kuma maganarka na ɗauka na bar tata."

Bai zage mu ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ce mu je mu faɗa mata da bakinmu, shi zai biyo baya idan ya sallami mutanensa.

Gwaggon ce ta yi mana abin da muka cancanta. A tsaye ta bar mu a ƙofar gida, ta wanke mu tas, maƙwabta suna leƙowa. Ta ce yarinyar ta rubuta jarrabawar fita da kuka a ido, idan ta faɗi mu za a tambaya. Da Sifana ta fito, Jan Biro ya ba ta haƙuri, ni ma na ba ta, na ce ina wurin aka yi komai. Ta saurare mu har muka gama, ta ce, "Na san kai ne, Malam. Salon maganarka ne. Na ɗauka za ka faɗa tun a ofis." Ta koma ciki.

Ranar Litinin ya tashi a taron malamai ya faɗi abin da ya yi, ya ajiye aikin littafin. An buga gyara a 'yar takarda, muka manna a kwafi goma sha ɗaya da suka rage a laburare. Sauran ɗari biyu da wani abu sun riga sun shiga gidaje, suna nan yadda ya rubuta su. Aikin ya dawo hannuna, kuma tun daga lokacin kowane yaro sai ya ga shafinsa ya sa hannu kafin a kai maɗaba'a.

Sifana ta ci jarrabawa, ko da yake ba yadda malamanta suka sa rai ba. Ta koma gidan babanta, ta yi makarantar koyon sana'a, ta yi shekaru a garejin motocin haya. Jan Biro ya ƙara shekara huɗu yana koyarwa, ya yi ritaya. Yaya ta ce ya zaunar da 'ya'yansa ya gaya musu sana'ar kakansu, babbar 'yarsa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Bara Sifana ta buɗe garejinta, ta aiko a gaya mana mu biyu mu zo. Ya shirya tsaf, na ɗauko shi. Muna kaiwa kwanar da ake hango wurin ya taɓa kafaɗata ya ce in sauke shi, zai dawo gida a ƙafa. Na yi ta lallashi, ya ƙi. Na ƙarasa ni kaɗai. Ta fito daga ƙarƙashin wata babbar mota ta gaishe ni, ta nuna mini babanta a inuwa yana kula da injin iska, sannan ta tambaye ni ina Malam. Har na buɗe baki zan ce ƙafarsa ce ke ciwo, sai na fasa, na ce ya zo har kwana ya kasa ƙarasowa. Ta kalli hanyar na ɗan lokaci, ta ce in gaishe shi, ta sa aka kawo mini kujera.