Ƙofofi Huɗu na Seu Edivaldo

Dona Marluce Tenório 'yar ƙauyen rake ce, can wajen Palmares. Da ta shigo birnin Recife tana budurwa, buga tafireta kaɗai ta iya, kuma da shi wani kamfanin inshora ya ɗauke ta aiki. Da kwamfuta ta zo aka kwashe tafiretocin, ƙawayenta suka watse, wasu suka koma sayar da kaya, wasu suka zauna a gida. Ita kuwa ta kafe. Da rana aiki, da yamma aji, har ta iya rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Java. A teburi ɗaya ta yi furfura, gefen tagar da ke kallon kogi. Ta aurar da 'ya'yanta biyu, ta sayi ɗan gida mai bishiyar mangwaro.

Da abu ɗaya aka san ta a ofis. Duk manhajar da ta fito daga hannunta, layin umarni guda za ka buga ta tashi, ko a kwamfutar wa kake. Da Maven take aiki, wato wani maginin cikin kwamfuta da ke tattaro sassan manhaja ya harhaɗa su, sannan ya buɗe babbar ƙofar da aikin ke farawa daga ita. In an ce tana ɓata lokaci wajen tsara wannan, sai ta ce tun ran gini ran zane.

Teburin Seu Edivaldo Lins na jikin nata. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da hargitsin kaya, ga busa ƙaho a ƙungiyar kiɗan frevo ta unguwarsu. Shi maɓalli yake dannawa a kwamfutarsa manhaja ta tashi, bai damu da ta kowa ba. Kullum faɗansu ke nan, kamar taubasai.

"Edivaldo, abin nan naka ya ƙi tashi."

"A tawa yana tashi."

"To naɗe taka mu aika wa masu inshorar, har da ɓawon gyaɗar da ke cikinta."

"Ke dai tsohuwar nan, ko miya za ki yi sai kin tambayi Maven."

A shekara ɗaya suka yi ritaya. Ita ta koma shuka kuɓewa a bayan gida. Shi kuma ya rubuta wa ƙungiyarsu wata manhaja. Duk shekara yakan tsara sabon kiɗan bikin Karnaval, manhajar ta raba shi, ta fitar wa kowane mai busa takardarsa daidai da muryar ƙahonsa.

Ana saura makonni kaɗan Karnaval, Zuleide matar Edivaldo ta yi sallama a ƙofar Marluce, idanunta sun faɗa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mijinta yana riƙe da kwamfutarsa, ta faɗi ta tarwatse. An sallamo shi daga asibiti, amma hannun dama ya ƙi, magana kuma da kyar. Mai gyara ya kwashe abin da ke cikin kwamfutar ya zuba a filash.

"Ya gama kiɗan, ƙawata," in ji Zuleide. "Yana ciki. 'Yan ƙungiya sun gwada, ba wanda ya iya tayar da abin. Shi kuwa ya juya wa bango fuska, ko abinci sai na yi da gaske."

Marluce ta dafa mata kofi, ta karɓi filash ɗin.

Da safe ta ɗauko kwamfutarta ta zauna a inuwar mangwaro. Abin da ta tarar ya sa ta dariya, dariyar ta zo da ƙwalla. Edivaldo ne sak. Sassan da ya aro daga wajen wasu duk a warwatse suke, wani ma ko suna babu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta faɗa wa Maven inda zai samo kowanne. Sai da ta ƙona wake a tukunya kafin ginin ya haɗu.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Ana gaya wa Maven sunan babbar ƙofa ne kafin ya buɗe, Edivaldo kuwa ƙofa huɗu ya yi: Gwaji, Gwaji na Biyu, Sabon Gwaji, da wata wai ita Ta Gaskiya. Ta fara da Ta Gaskiya. Manhajar ta tashi, ta rubuto "sannu", ta kwanta. Ta leƙa sauran ukun ta ga dukkansu suna taɓa fayil ɗin kiɗan, wata ma rubutu take yi a kansa. Za ta iya kwafe fayil ɗin ta ajiye gefe ta gwada su duka, ta san wannan sarai. Amma sai ta rufe kwamfutar, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauke ta ta hau bas zuwa gidan Edivaldo.

Ta same shi a baranda cikin kujera, bakinsa ya ɗan karkace. Da ya gan ta ya kau da kai.

"Ba dubiya na zo ba, malam," in ji ta, tana jan kujera. "Ƙara na kawo. Wane irin magini ne zai yi wa ɗaki ɗaya ƙofa huɗu? Ta wace ake shiga?"

Ta ɗora kwamfutar a cinyarsa ta fara karanto sunayen. Gwaji, shiru. Sabon Gwaji, ya yamutsa fuska kamar ta zage shi. Da ta ce Gwaji na Biyu, sai ya bubbuga hannun kujera da hagunsa.

"Gwaji na Biyu? Ita ce ta gasken? Ita Ta Gaskiyar fa?"

Kafaɗarsa ta hau rawa. Zuleide ta fito da gudu tana zaton shaƙewa ya yi, ashe dariya ce.

Marluce ta sa sunan ƙofar, ta buga layin, ta kamo yatsansa na hagu ta ɗora a kan maɓallin. "Danna. Kayanka ne." Ya danna. Rubutu ya yi ta zubowa a allon, Maven na tattarowa yana haɗawa, can sai ga takardu suna fitowa jere, ta ƙaramin ƙaho, ta babba, ta mai ganga. Edivaldo ya ƙura musu ido. Ya nuna wani wuri a ta babban ƙaho, ya girgiza kai, ya yi ƙoƙari har kalma ta fito.

"Sama."

Da kyar ta gane cewa sautin yake so a ɗaga. Ba ta san komai a kiɗa ba, sai yana rera sautin da hanci tana gyarawa, yana harararta in ta kuskure. Ranar ya cinye kwanon dambun masara da Zuleide ta kawo, har ya nemi ƙari.

A ƙofar gidansa ƙungiyar ta yi atisaye, kuma ranar Karnaval sai da suka biyo ta layinsu suka tsaya suka busa kiɗan sau biyu. Marluce ba ta son turmutsutsu. A baranda ta zauna kusa da shi, tana ɓare gyaɗa tana miƙa masa.

Hannun bai dawo ba, maganar ce ta dawo rabi da rabi. Yanzu duk Laraba Marluce na hawa bas ta je, ta kai wa Zuleide kuɓewa. Shi yana rera kiɗan baɗi da hanci, ita tana bugawa. Ta fara gane alamomin sautin da kanta, har kwanan baya ta ce masa wani wuri bai yi mata daɗi a kunne ba. Ya yi fushi bai kula ta ba har aka sha kofi, daga baya ya ce mata ta canza wurin.