Unguwar Masu Motoci

Ɗaya-Biyu ake ce masa a unguwa. Ya daɗe da daina nuna yana jin haushin sunan, amma bai taɓa daina ji ba. Tun yana saurayi ofishin tsara sufuri na birni ya ɗauke shi, aka ba shi kujerar roba da 'yar na'urar dannawa, aka dasa shi a mahaɗar titi. Bas ta wuce ya danna, tasi ta wuce ya danna. Yana kan wannan kujera ya yi aure, a kanta furfura ta iske shi. Abin da ya ƙirga wasu ke kwashewa su hau bene, su zuba a kwamfuta, ta zana musu garin da kai-komon mutanensa, sannan a yanke inda bas za ta bi.

Unguwarsu kuwa can gefen gari take, inda kwalta ta ƙare. Kowa sai ya sha tafiya kafin ya kai tasha. Matarsa, mai shara a wani asibiti, wannan hanya ta cinye mata gwiwoyi, sai ta dafa katanga ta huta sannan ta ƙarasa.

Da aka ce za a buɗe sabon layin bas, za a kuma bi gida-gida a tambayi mutane ina suke zuwa, me suke hawa, sai ya roƙi a ba shi unguwarsu. Shugabansa ya ce wa don ya san lungunan ne. Matarsa ya ce wa don gwiwarta ne. Abin da ya bari a cikinsa shi ne, so yake masu kiransa mai gadin titi su gan shi da rigar ofis mai ƙyalli da kwamfutar hannu, shi yana tambaya su suna amsawa.

Da shagon yayansa tela ya fara.

"Yaya, jiya da ka je kasuwa sayen zare, me ka hau?"

Tela ya dube shi tun daga takalmi har wuyan riga. "Ɗaya-Biyu, yau mu ake ƙirgawa? Motocin sun ƙare ne?"

"Aiki nake yi, Yaya."

"To rubuta tasi. Shatarta na ɗauka, ni kaɗai a baya, ina shan iska."

Da idonsa ya ga yayan nan jiya yana tafe a ƙasa, ƙunshin yadi a ka. Magana ɗaya ta isa: Yaya, amsar nan ita za ta kawo mana bas ko ta hana. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna dariyar da tela ya yi shekaru yana yi masa a gaban mutane, ya ce a ransa bari ƙaryarsa ta ci shi. Ya danna tasi.

Goggo mai wankau, wadda ta goye shi yana jariri, ta ce ɗanta ke kai ta ko'ina a motarsa. Ɗan da ko sallama ya daina yi mata. Da baƙo ne ya zo, da ta zaunar da shi ta zazzage masa wahalarta har ya gaji. Amma yaron da ta wanke wa kashi ya tsaya mata a ka yana hura hanci? Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce ya ƙara da cewa motar tana da sanyi.

Kafin ya kai ƙarshen layi labari ya riga shi, abin ya koma gasa. Wanda ya ji maƙwabcinsa ya ce mota, shi sai ya ce biyu. Da ya zo kan gidansa, matarsa na wurin aiki, shi ya amsa wa kansa. Ya tuna ma'aikatan saman bene za su gani. Maigida: motar ofis. Uwargida: tasi.

Bayan wata da watanni Injiniya, matar da ke haɗa lissafin, ta aika a kira shi. Shugabansa na jingine da ƙofa.

"Baba, zauna," ta ce, ta juyo masa da fuskar kwamfuta. "Lissafi ya ce unguwarku ba ta buƙatar bas, kusan kowa da motarsa. Amma a hoton da aka ɗauko daga sama, lungunanku ko mota ba za ta shiga ba. In kana ganin akwai kuskure faɗa min, in tura wani ya sake. Ban miƙa wa manya ba tukuna."

In tura wani. Nan maganar ta tsaya masa a wuya. Baƙo zai je, kowa ya gaya masa gaskiya, bas ta zo. Tela kuma ya samu abin faɗa har ya mutu: an ba Ɗaya-Biyu aikin mutane ya kasa, an mayar da shi titi.

"Ranki ya daɗe, abin da suka faɗa na shigar. Mutanenmu akwai rufin asiri."

Ta ɗan jima tana kallonsa. Sannan ta juya ta ja jan layin da ke nuna hanyar bas a kwamfutar, ya karkata zuwa ɗaya gefen gari.

Ranar da labarin ya iso unguwa, ya tarar da matarsa zaune a bakin gado, tana gasa gwiwa da tsumma da ruwan zafi.

"Baban yara, an ce bas ɗin ba ta nan za ta bi ba."

"Kwamfuta ce ta yanke."

"Ita kwamfutar ta taɓa zuwa unguwar nan?"

"A'a."

"To wa ya gaya mata?"

Ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe yana kwancewa. Ta matse tsumman a roba, ba ta sake kallonsa ba.

"Ni me ka ce mata ina hawa?"

"Tasi."

"Madalla," ta ce. "To gobe ka tashe ni da wuri, kada direbana ya gaji da jira."